Wanda Ya Tsaya a Ƙofar Zauren Kod

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan magariba

Na wanke hijabina, na sake wankewa, har yanzu ruwan ja yake fitowa. Jinin ba nawa ba ne. Na Malam Hammadi ne.

Dole sai na rubuta. In ban rubuta ba ihu zan yi, ga Inna a ɗakin gefe tana lazimi.

Yau ma mun taru kamar kowace Asabar a ɗakin da ke saman shagon atamfofin Alhaji Aboubakar, cikin kasuwar Mont-Bouët, a nan Libreville. Zauren Kod muke kiran kanmu. Malam Hammadi, mutumin Garwa ta Kamaru, shi ya haɗa mu, shi ke koya mana rubuta manhaja ba tare da ya karɓi komai ba. Ya kunna farojekta yana nuna mana abin da ke sa manhajarmu ta tsaya cak idan waya ta rasa rezo, wato sabis. Sai muka ji ƙafafu a matakala. Na ɗauka masu makara ne, har na gyara zama don in ba su wuri.

Da rodi suka shigo, da gora. Fuskokinsu rufe da takunkumi irin na lokacin korona. Na farko ya maka wa farojekta rodi, gilashi ya watsu har cikin takalmina. Momo, abokin karatunmu mai gyaran waya, ya miƙe, aka karya masa kujera a gadon baya. Suka bi ordinatoci, kwamfutocinmu, suna fyaɗawa da ƙasa. Ba wanda ya yi magana a cikinsu. Wannan shirun ya fi komai ba ni tsoro.

Malam bai gudu ba. Baƙin diskin nan ya rufe da tafin hannunsa, wanda ya yi shekaru yana tara mana darussa a ciki. Hannun suka fara bugu. Suka sake. Da ya janye, sannan suka buga diskin.

Ƙarar ƙashi ba irin ta katako ba ce.

Akwai wanda bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa. Ni ce mafi kusa da ƙofar. Ba zan rubuta wannan ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da la'asar

Daga asibiti nake. An naɗe hannun damarsa har gwiwar hannu. Likita ya ce sai kumburi ya sauka za a san abin da za a iya cetowa. Matarsa Adda tana zaune kan benci da goyo, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma amsa gaisuwar kowa ba.

Da ya buɗe ido ya gan ni, sai ya ce, "Halimat, diskin fa?"

Na ce, "Malam, ka bar zancen diski."

"Akwai darussan da aka goge daga intanet, ba za mu sake samunsu ba. Da fassarar kalmomin da na yi muku da Hausa da Fulatanci. Duk suna ciki."

Ƙaninsa Aliou ya naushi bango har nas ta leƙo. Ya ce, "Hamma, an nakasa ka kana zancen fassara! Wallahi duk wanda ke da hannu a wannan, sai na ga jininsa a ƙasa."

Momo ya kawo zancen kai ƙara komisariya, ofishin ’yan sanda. Ba wanda ya goyi bayansa. Cikinmu akwai waɗanda takardar zamansu ta ƙare, in ’yan sanda suka shigo maganar, ba masu rodi za a fara tambaya ba. Waɗanda suka zo sun san da haka. Da saninsu suka hau matakalar nan.

Litinin, 20 ga Oktoba, da safe

Yaya Salissou ya sha kununsa, ya ce sukari ya yi kaɗan. Na ƙara masa.

Talata, 21 ga Oktoba, tsakar rana, a biro

Patron, wato mai ofishin nan da nake aiki, ya fita, babu kowa sai ni da firintoci. Tun safe nake buga takarda ɗaya ina ɓatawa.

Bari in rubuta yadda aka fara, ko kaina zai sauka. Bara Malam ya ce koyo ba aiki ba ya zama, mu nemi wata matsala ta kasuwa mu warware. Aliou ya ce matsalar ɗan kasuwa ita ce mota: in kana so a ɗauke maka kaya daga Mont-Bouët, dole ka bi ta hannun ’yan lodi a tasha, su zaɓa maka direba, su yanke rabonsu, ka wuni kana jira. Sai muka gina manhajar da ɗan kasuwa zai kira direban kaya kai tsaye. Ni na rubuta ɓangaren taswira. Ranar da ɗigon mota ya fara motsi a wayata, na yi tsalle kamar yarinya. Direbobi suka fara shiga, ’yan kasuwa suka bi.

Yaya Salissou shi ne shugaban ’yan lodi a tashar bayan masallaci. Da wannan aikin ya riƙe gidan nan tun rasuwar Baba. Da shi ya kai ni lakwal, makarantar boko, har na gama. Ordinatar da na koyi kod a kanta, shi ya sayo min ita, a leda ya kawo ta yana murmushi.

Ban taɓa haɗa waɗannan biyun a kaina ba. Ko na haɗa na kau da kai, ban sani ba.

Ranar Asabar da safe, ina ɗaura takalmi, ya ce, "Yau kada ki je wurin nan." Na ce don me? Ya ce, "Hadari ya haɗu." Na leƙa waje. Rana tarwai.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Mutane na ta fita daga rukuninmu na WhatsApp. Kowa ya fita sai wayar ta rubuta sunansa ta ce ya bar rukuni, kamar ana sanar da mutuwa. Har Mariam, wadda muka fara tare, ta fita. Ta kira ni tana ba da haƙuri, wai mijinta ya hana.

Aliou ya tare ni a bakin biro a unguwar Plaine Orety. Idonsa ja, da alama bai runtsa ba tun ranar.

"Halimat, ke ce kusa da ƙofa. Wanda ya tsaya can takunkuminsa ya zame, Momo ya ce ya ga yana gyarawa. Kin ga fuskarsa?"

"Ban gani ba."

"Ki tuna da kyau."

"Na ce ban gani ba, Aliou. Ƙasa nake kallo."

Ya daɗe yana dubana. Ya ce to shi zai fara da duk wanda ya samu a tashar.

A taksi na yi ta cizon cikin kumatuna har na ji gishirin jini.

Jumma'a, 24 ga Oktoba, da magariba

Sun fara. Bayan an sauko daga masallaci, Aliou da ’yan uwansa masu shaguna suka rutsa Issoufou a lungun masu doya. Issoufou! Direban da ya fi kowa son manhajarmu, wanda ke aiko mana saƙon murya duk lokacin da taswira ta ɓatar da shi. Laifinsa kawai shi mutumin Nijar ne, kamar mu da yawancin ’yan tashar, kuma a tashar yake ajiye mota. Suka fasa masa baki, haƙoransa na gaba suka zube, suka farfasa gilasan motar. Wata mai sayar da rogo ce ta kwanta a kansa tana ihu da Faransanci, sannan suka bari.

Yanzu magana ta tashi daga kod ta koma ’yan Nijar da ’yan Kamaru. Mutanen da sahu ɗaya suke sallah. An ce wasu sun kwana da adda a shago.

Ƙasa nake kallo. Haka na ce. Haƙoran Issoufou ne a ƙasan.

Asabar, 25 ga Oktoba, da azahar

Ƙafata ce ta kai ni zauren, ban yi niyya ba. Alhaji Aboubakar ya ba ni makulli ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "’Yata, ki kwashe abin da za ki kwasa. Ɗakin nan ya gama karɓar taro. Na tsufa da ganin jini a kan kayana."

Ba wanda ya share wurin. Rubutun Malam na nan a allo, layin da bai ƙarasa ba. Jinin ya bushe ya yi baƙi a kan tebur, ƙudaje na bi. Na tsince littattafan da ba su yage ba. Na ɗauki diskin, ya lotse a tsakiya, in ka girgiza shi sai ka ji abu na kaɗawa a ciki kamar tsakuwa. Momo ya duba ya ce ko a Turai ba mai tashinsa.

Amma ya tuna min wani abu: duk Asabar kowa na kwafar darasin da yake so a kile, ɗan filashin nan, ko a waya. Na aika wa kowa saƙo, har waɗanda suka fita, na ce duk mai wani abu ya turo. Zuwa yanzu an fara turowa. Gutsi-gutsi ne. Darasi na biyar babu na huɗu. Ina jerawa duk da haka, don in hannuna na aiki ba ya neman abin da zai fasa.

Litinin, 27 ga Oktoba, da hantsi

Ban je biro ba. Leɓena ya kumbura.

Jiya da yamma Inna ta tafi barkar haihuwa. Yaya ya shigo ya zauna yana cire takalmi, ya ce in kawo ruwa. Na kawo diskin na ajiye a gabansa.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Ka fi ni sani, Yaya."

Ya ture shi da ƙafa. Ban san lokacin da na ɗauka ba. Na dai ji nauyinsa a hannuna, na ji ya sauka a goshinsa. Fatar ta tsage, jini ya rufe masa ido. Ya tashi ya kwaɗa min mari na faɗa kan kwanuka. Tun da aka haife ni bai taɓa dukana ba. Na rarumi muciya na yi kansa, ina bugu ina cewa hannunsa, hannunsa, hannunsa. Ya riƙe muciyar ya karya ta a gwiwa, ya shaƙe ni da bango har na daina ganin fitila. Sannan ya sake ni. Muka zube muna haki, kowa da jininsa.

Ya ce, "Don ke na tsaya a ƙofar nan. Na ce musu duk wanda ya taɓa mai hijabi ruwan toka, ni da shi ne."

"Malam fa?"

"Inji aka ce a fasa. Inji kawai. Shi ya sa hannu."

"Wa ya ce a fasa?"

Ya share jinin goshinsa da hannun riga.

"Yaya, wa ya aiko ku?"

Ya ce, "Ke kina zaune a sanyi kina danna madannai, mutum nawa kika kora daga bakin abinci? Kin taɓa zuwa tasha kin ga dattijon da ya wuni bai loda ko buhu ɗaya ba? Akwai masu motoci a sama da ni, Halimat. Ba irin mutanen da ake faɗin sunansu ba ne."

Da Inna ta dawo, ya ce ƙofar mota ce ta buge shi. Ni na ce santsi ya kwashe ni a makewayi. Ta dubi karyayyar muciya, ta dube mu, ta shige ɗaki.

Laraba, 29 ga Oktoba, da yamma

An yanke wa Malam yatsu biyu. Manuniya da na tsakiya.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da asuba

Na yi mafarki ina riƙe da rodi. Ban ji tsoro ba a mafarkin. Daɗi na ji. Wannan ne ya tashe ni.

Jumma'a, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Dattawan ɓangarorin biyu sun zauna a masallaci, suka tashi ba matsaya. ’Yan Kamaru sun ce a fito musu da mutum. ’Yan Nijar sun ce a fara biyan haƙƙin Issoufou. An ƙone wata rumfa a tasha, ba a san wanda ya kunna ba.

Ina rufe biro sai ga Adda. Ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba. Ta ƙi zama.

Ta ce, "Hammadi ya gan shi. Tun ranar ya gan shi. Ya san wanki, ya taɓa zuwa ɗaukarki a zauren da ruwan sama."

Na ajiye makullin biron a kan tebur.

"Jiya zazzaɓi ya sa shi sambatu, a nan na ji sunan. Da ya farfaɗo ya roƙe ni in rufe bakina, wai ke ce ɗalibarsa mafi hazaƙa, in aka taɓa wanki ba za ki sake buɗe ordinata ba. Shi ke nan abin da ya dame shi." Ta gyara goyonta. "Ni ba Hammadi ba ce. Ni nake ba shi abinci a baki. Ni nake ɗaura masa maɓallin riga. In kika kai sunan wurin dattawa, dattawa za su yi hukunci. In Lahadi ta yi ba ki kai ba, ni zan kai, kuma ba wurin dattawa ba. Wurin Aliou."

Na ce, "Adda, wana ne."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa na zo wurinki tukuna."

Asabar, 1 ga Nuwamba, da azahar

Na samu Yaya yana alwala. Na faɗa masa komai. Na ce ya je da ƙafarsa wurin Alhaji Aboubakar, ni zan raka shi. Na durƙusa na riƙe ƙafarsa, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce in ya buɗe baki, waɗanda ke sama ba za su bar shi ya kai gobe ba. Na ce in bai buɗe ba, Aliou ba zai bar shi ya kai jibi ba. Ya zare ƙafarsa ya tayar da sallah.

Na jira ya sallame. Bai juyo ba.

Na ɗauki jakata na tafi Mont-Bouët. Alhaji na auna wa wata mata yadi. Na tsaya har ta tafi. Na ce, "Baba Alhaji, wanda ya tsaya a ƙofa ranar nan Salissou ne, wana, uwa ɗaya uba ɗaya."

To, ga shi na rubuta.

Alhaji ya ajiye almakashi. Ya ce, "Innarki ta san kin zo?" Na ce a'a. Ya ce, "Allah ya ba ki ikon ɗauka."

Litinin, 3 ga Nuwamba, da safe

Dattawa sun kira shi jiya, ya je. Ya amsa nasa laifin, ya ƙi faɗin sunan kowa. Suka yanke cewa ’yan tasha za su ɗauki jinyar Malam, su Aliou su ɗauki ta Issoufou da gyaran motarsa, shi kuma Salissou ya bar Libreville. Aka sa Aliou ya dafa Alƙur'ani cewa ya janye. An ce sai da aka riƙe masa hannu.

Na ɗauka an gama.

Bayan la'asar aka kawo mana shi a bayan motar kaya, kwance kan buhunan wofi. Ba ’yan Kamaru ba ne. Nasa ne, yaran da yake raba wa aiki kullum. Sun ja shi bayan tasha don su tabbatar bakinsa zai ci gaba da zama a rufe. Haƙarƙari uku, in ji mai ɗori. Idonsa na hagu ya rufe ruf, kunnensa na zubar da jini. Duk numfashin da ya ja sai ya yi wani sauti kamar ana yaga tsumma.

Inna ta fito ta gan shi, ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Sannan ta juyo kaina. Maƙwabta sun riga sun gaya mata. Ta cire takalminta ta yi ta bugun fuskata da shi, ban kare ba, har hannunta ya gaji. Ta ce, "Shi ya goya ki ranar da aka binne ubanki."

Ita ce maganar ƙarshe da ta yi min.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Ya tafi. Wani direban babbar mota zai kai shi Bitam, bakin iyakar Kamaru, daga nan ya san yadda zai yi ya kai Maraɗi wurin kawu. Da kyar ya hau, mutum biyu suka ɗaga shi.

Na tsaya nesa. Ya yafito ni. Na zaci zagi ne, na shirya.

Ya ce, "Maganin hawan jinin Inna, na farmasin kusa da mahauta ne take sha, na sauran wuraren yana sa ta jiri. Kada ki bari ya yanke."

Na ce to.

"Kuma ki daina bin lungun masu doya. Ki riƙa zagayawa ta titi."

Na ce, "Yaya..." Ya kau da kai ya ce wa direba su tafi.

Har yau ban san wanda ya aiko su ba. Jiya wata baƙar mota ta daɗe a tsaye gaban biro, ba wanda ya fito. Wataƙila ba komai ba ne.

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan magariba

An yi taro. A falon Malam Hammadi, kan tabarma, ordinata ɗaya a kan kujerar tsuguno. Ni, Momo, Aliou, da Mariam da ta ce wa mijinta kasuwa za ta. Sai ga Issoufou ya shigo da bakinsa a ɗinke. Aliou ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa, ya ba shi wurin zamansa ya koma bakin ƙofa.

Na nuna musu abin da na tattara. Bai kai rabin abin da ke diskin ba, fassarar kuwa ta tafi gaba ɗaya. Malam ya ce za a sake, yana faɗa ina bugawa. Mun gwada. Sau da yawa hannunsa na tashi zuwa madannai da kansa, sai ya tuna, ya mayar da shi cinya.

Daga nan Momo ya faɗi abin da ke ran kowa: a kashe manhajar ko a bar ta? Mariam ta ce a kashe, rai ya fi. Aliou ya ce in aka kashe, yatsun banza aka yanke. Issoufou ya yi magana da kyar, iska na fita ta gurbin haƙoransa, ya ce shi da ita yake ciyar da ’ya'yansa yanzu. Ni na ce in za a bar ta, sai an sa ’yan lodi a ciki, su ma a riƙa kiransu ta nan, don kaya ba ya hawa mota da kansa. Aliou ya ce, "Waɗanda suka yi wannan?" Na ce, "Da waɗanda ba su yi ba." Muka yi ta musu har Adda ta leƙo ta ce mu rage murya, yaro na barci. Ba ta dube ni ba, amma kofin shayin da ta kawo har da nawa.

Malam ya ce masu son a bar ta su ɗaga hannu. Shi ya fara ɗagawa, na daman, da bandejinsa da gurbin da ke tsakiya. Na ɗaga nawa. Aka bar ta, da ’yan lodi a ciki. Ni aka ba rubuta ɓangaren, kuma ni zan je tasha in yi musu bayani. Ban san ko za su saurare ni ba, ban san da me za su tare ni ba. Ranar Talata zan je.

Na biya farmasi na sayo maganin. Na samu Inna ta dafa shinkafa, ta zuba kwano ɗaya, tana ci ita kaɗai tana kallon bango. Na ajiye maganin kusa da ita. Ta gama, ta ɓalli ƙwaya ɗaya ta haɗiya, ta tashi ta bar kwanon a wurin.

Na ɗauka na wanke.